Tsarabar da Na Bi Na Karɓo

Shekarun baya can, lokacin Jigawa tana sabuwa ful, bakinmu bai ma daina suɓucewa da "jihar Kano" ba, ina karatun digiri na uku a fannin fiziks a ƙasar waje. Aikina a kan wani sinadari ne mai ɗauke da jan ƙarfe a cikinsa, wanda idan aka sanyaya shi sosai wutar lantarki take ratsa shi ba tare da ko ɗigo ya salwanta ba. An san cewa ƙwayoyin lantarkin, wato ilektron, bibbiyu suke tafiya a ciki. Yadda suke riƙe juna ne ya gagari kowa. Dabararmu ita ce mu sa sinadarin a ɗan akwatin ƙarfe, mu sanyaya, mu tura masa igiyar maikurowef, dangin igiyar rediyo, mu auna zurfin da take shiga. Yadda zurfin yake canjawa da sanyi shi zai tona asirin.

Sai dai awon ba ya yiwuwa sai da tsarkakakkiyar ƙwayar sinadarin. Malamina ya aike ni wata ƙasa na karɓo guda uku da aka yi wata da watanni ana haɗawa. Baƙaƙe ne wuluk, masu ƙyalli, kowacce ba ta kai ƙwayar riɗi ba, a cikin 'yar kwalbar gilashi. Da yake jirgina ta Kano zai bi, na roƙi 'yan kwanaki in leƙa gida Zandam. Ya yarda, amma ya ja mini kunne: kada laima ta taɓa su, kada hannu ya taɓa su, babu wasu.

Ni mai wayo, sai na naɗe kwalbar a cikin safa, na cusa a ƙasan jaka. Boko ya mantar da ni cewa a gidanmu jakar matafiyi ba tasa ba ce, ta uwarsa ce.

Washegari na fita zagayen gaishe-gaishe. Ina dawowa bayan azahar na hango safar nan a kan igiya, an wanke ta tas tana ɗigar ruwa. Na ruga wurin Inna.

Na ce, "Inna, wata 'yar kwalba fa?"

Mahaifiyata ta ce, "Ta kwallin? Ai na aika wa gwaggonka Birnin Kudu tun da safe. 'Yarta ta haihu, a ce ka dawo daga Turai hannu rabbana? Turare da atamfa na raba wa na kusa, na ce kwallin ya fi dacewa da gidan jego."

Wallahi ban tsaya bayani ba. Wani ya goya ni a babur zuwa Gwaram, na faɗa motar Birnin Kudu. Lokacin babu wayar hannu, mota kuma ba ta tashi sai ta cika. Ga hadari ya haɗo. Ina zaune ina gumi, ba abin da nake gani sai dutsen niƙan gwaggo da fuskar malamina. Direba ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya? Ko rasuwa aka yi?" Na ce masa kusan haka ne.

Mun ɗan yi nisa sai jaririn matar da ke gefena ya farka, ya zuba mini ido. Idanunsa sun sha kwalli raɗau. A nan ne abin ya faɗo mini a rai. Gidan jego! A wajenmu ana gama yi wa jariri wanka sai kwalli. Sinadarin nan kuwa akwai guba a cikinsa, ko a ɗakin gwaji da ɗan hantsaki muke ɗaukarsa. Daga nan digiri ya fice mini daga kai. Salati kawai nake yi, ina jin kamar in sauka in tura motar.

Na shiga gidan gwaggo ko sallamar kirki ban yi ba, mata cike da tsakar gida. Na wuce kai tsaye na buɗe zanen da aka lulluɓe jaririyar. Idanunta baƙi ƙirin da kwalli. Na zauna daɓas a ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, haka ake shiga gidan mutane a Turai?"

Da ƙyar na ce, "Gwaggo, kwallin da Inna ta aiko... shi aka sa mata?"

Ta kwashe da dariya har da tafi. "Wannan abin? Ƙwaya uku! Me zan niƙa a ciki? Nawa na sa mata. Naka yana cikin kwalla, ko buɗewa ban yi ba. Na ajiye ne in nuna wa mutane rowar 'yan boko."

Hawaye suka zubo mini. Matan suka ɗauka kunya ce ta kama ni. Sannan na yi abin da ɗan mutunci ba ya yi: a gaban jama'a na roƙi gwaggo ta mayar mini da kyautar da aka ba ta da sunana. Ta miƙo mini da yatsu biyu.

Ƙwayoyin sun isa lafiya, awon ya yi kyau, na gama karatu. Na sha yi wa gwaggo bayani, na kuma kai mata tsaraba ta gaske ba sau ɗaya ba, amma har ta koma ga Allah sunana a bakinta "mai kyauta ya karɓe". Ban taɓa jin haushi ba. Da na cika kwalbar nan kamar yadda ɗan arziki yake cika tsaraba, da ta niƙa.

Jaririyar yanzu uwa ce, malamar makaranta ce a Sundimina. Duk sanda na je gaishe su sai ta ce, "Kawu, kai dai kana son kallon idon mutum." Ban taɓa gaya mata dalili ba.