Shekarar da Turare Ya Bar Ɗakinmu

Ranar wata Asabar, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar, Baaba ya dawo da Mma daga asibiti a cikin tasi, yana rungume da wani kwali. Muna tsakiyar wasan 'yan mata na ampe a bakin lungunmu na unguwar Alabar, ina tsalle ina tafi, sai na hango ta tana saukowa a hankali, rigarta ta yi mata yawa. Wata biyu ta yi a kwance. A cikin kwalin akwai injin da ke mayar da magani tururi, wanda za ta riƙa shaƙa safe da yamma, domin ciwon da ya zauna mata a huhu ba mai tafiya ba ne. Da yammar nan, ina bayan labule, na ji Baaba yana gaya wa ƙanwarsa abin da likita ya ce: huhun ya gaji, in ƙwayar cuta ta sake shiga ta injin nan, ko hayaƙi ya tayar da ciwon, ba lalle ta sake fitowa ba. Ban gaya wa kowa na ji ba.

Mma fa mai turaren wuta ce. Tun kafin a haife ni take haɗa shi a tsakar gida tana kaiwa kasuwar Kejetia, kuma da wuya a kai amarya a zango, unguwanninmu na baƙi, ba da turarenta ba. Gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha biyu, Dagomba da Mosi da Zabarmawa duk muna shanya a igiya ɗaya, kuma kowa ya zo wucewa ta ƙofarmu sai ya rage tafiya ya ja numfashi. A ranar da ta dawo Baaba ya kwashe kasko da kwalabe ya fitar da su daga gidan.

Da yake Baaba sammakon kasuwa yake yi, ni kuma ni ce babba, wankin kayan injin a kaina ya faɗo. Wata nas 'yar Asante ce ta zo ta koya mini, Hausarta a karkace amma ba ta san wasa ba. "Ki wanke hannu kamar kin taɓa kashin kaza," in ji ta. Sai in kwance ƙoƙon maganin da abin sawa a baki, in wanke da ruwan ɗumi da sabulu, in ɗauraye, in zuba a tukunyarsu su kaɗai, in ɗora a kurfoti, murhun gawayi, can bayan gida inda hayaƙi ba zai kai ɗaki ba. Su tafasa minti goma cif. Ba ni da agogo, sai na gano Tabaraka ƙafa uku a natse tana cika minti goman, shi ya sa har yau ba surar da ta zauna mini kamarta. In tsamo da cokali dafaffe, in jera a kan tsabtataccen ƙyalle, ba gogewa, iska ce za ta busar, sannan in rufe a roba. A gidanmu ba a hana aron tukunya, amma wannan na hana kowa, har 'yan gida suka sa mini suna Madam Dokta.

Wata rana Mma ta zare abin daga bakinta ta yamutsa fuska. "Kai, wannan warin roba! Ni da na ƙamsasa rabin zango." Dariya ta yi, amma idonta ya kawo ruwa. Ranar da maganarta na kwana a raina.

To, a wurinmu abin da aka wanke bai gama wankuwa ba sai an turara shi. Kayan sawa, zanen gado, randar ruwa, har kofin baƙo. Sai na ce a raina, ai nas ba ta san namu ba ne, ita iyakarta tafasawa. Washegari da na dawo daga makaranta na buɗe akwatin Mma, na sami ɗan turare ƙulle a bakin wani tsohon zane. Na gama tafasa kayan yadda aka koya mini, ban rage komai ba. Sannan na barbaɗa turaren a ragowar garwashi, na kifa kwando, na jera su a kai da danshinsu, na lulluɓe. Wayyo ni, har wani alfahari nake yi!

Bayan la'asar Mma ta zuba magani ta kunna inji. Jan farko ta buɗe ido sosai ta dube ni, ta gane turarenta. Ja na biyu tari ya sarƙe ta. Na saba da tarin Mma, amma wannan ba ya barin ta ta mayar da numfashi, leɓenta ya koma kamar toka, tana dafa bango. Na fita ina ihu, matan gida suka ciccibe ta zuwa titi. Kwana huɗu ta yi a asibiti. Baaba bai dake ni ba, da ma ya daka. Sai ya sayo sababbin kaya, tunda hayaƙin ya kama robar, ya ɗauke tukunyar ya ce shi zai riƙa yi. Kwana huɗun nan, ko a aji nake, in na ji mota ta tsaya sai in leƙa, na tabbata na kashe uwata.

Da ta dawo ta kira ni, muryarta can ƙasa. Na durƙusa ina jiran faɗa. "Wutarki ta yi yawa, Ramatu, kin ƙona shi. Turare mai kyau ba ya son garwashi mai zafi." Na fashe da kuka, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. "Na ji shi, na gode. Amma kar ki sake, ina da sauran aiki a kanku." Sannan ta dubi Baaba ta ce ya mayar mini da tukunyata.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tafasa kayan nan, ko sau ɗaya ban sake ƙara wani abu nawa ba. Ranar aurena gwaggonnina suka shigo da kasko za su turara amarya, na ce a fita da shi. Suka ce ei, ina aka taɓa kai amarya haka, kuma 'yar mai turare? Na ce yau za a fara. Mma ta yini zaune a gefena, hannunta a kan gwiwata, ba ta yi tari ba sai kaɗan. Bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu akwai ƙananan akwatuna na lantarki, ka zuba kayan ka danna, tururi ya yi aikin, ba kurfoti ba fifita. Na taɓa ganin ɗaya a kanti wajen Manhyia, na daɗe tsaye ina kallonsa har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. A ɗakina kuma ina kunna turare duk sa'ad da na ga dama, babu wanda zai yi tari. Wallahi, wannan 'yancin ban so shi ba.