Ruwan da Ya Ƙi Daskarewa

A kasuwar Bagudo, in ka wuce layin masu kifi ka karkata hagu, akwai wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa. Nan Amatullahi take, wadda kowa ke kira Amatu mai ƙanƙara. Gajeruwa ce, amma ga murya. In aka yi mata tayin raini, har masu lodin shinkafa a tasha sai sun ji.

'Yar Kaoje ce, ɗiyar masunci. Noman shinkafa ta fara da mijinta Hamma, shekara huɗu suna samu, a ta biyar ruwa ya zo ya shafe gonar har da rumbu. Suka dawo Bagudo. Ta kama sana'ar bandar kifi tana kaiwa ƙetare cikin Benin, har ta iya gaisuwa da zagi da Dendanci. Sai aka rufe iyaka, kifi ya zauna cikin kwando har ƙwari suka cinye shi. Shekara na zagayowa Hamma ya rasu. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa yi mata kallon tausayi, ita kuwa duk duniya ba abin da ta ƙi jini kamar wannan kallon. Tana fita takaba ta sayar da awakinta, ta sayo tsohuwar firiza, aka turo mata ita a kura har ƙofar shago. Ƙanƙara ga masu ɗanyen kifi, ruwan leda mai sanyi ga masu wucewa. Da haka ta riƙe gidanta.

To, a cikin firizar nan ta gano wani abu. Wani lokaci ledar ruwa takan yi awa uku a ciki, 'yan'uwanta duk sun zama dutse, ita tana nan ruwa tsararo. Amma da ka ɗan buge ta, sai ka ga fari ya taso daga gefe guda ya bi ta ciki, kafin ka ƙifta ido ta daskare a hannunka. Amatu da son wasa, sai ta mai da abin nishaɗi. Takan ɗauko ledar a hankali, ta ce mata, "Daskare," ta ɗalle ta da yatsa.

Ran nan a tsakiyar bazara ta yi wa Dela wannan wasan. Dela ita ce babba a layin masu kifi, abin da ta faɗa shi mata ke bi. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ledar ta goge hannu da zane ta tafi. Aka yi rashin sa'a a makon nan kifinta ya yi kwantai kwana biyu a jere. Kafin Juma'a magana ta gama kasuwa: wadda ke daskarar da ruwa da baki, ita ta daskarar da cinikin Dela. Masu kifi suka daina sayen ƙanƙararta. Sarkin kasuwa Ɗanmaliki ya aiko cewa ko ta wanke kanta, ko ta bar shagon a ƙarshen wata.

Da la'asar yayanta Malam Mutawakkil ya zo. Malamin Fiziks ne a sakandare, yana kuma ƙaro karatu a Sakkwato, mutum ne mai sanyi kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Ya zauna kan benci ya saurare ta, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Yaya, shagona za a karɓe kana dariya?"

"Yi haƙuri. Ai wanga abu shi nike karatu a kai. Ruwan nan sanyinsa ya kai na ƙanƙara, har ya wuce. Abin da bai samu ba, wurin da zai fara. In ruwa na da tsabta, ba ƙura, ba girgiza, sai ya yi zamansa a hakan har ka ɗauka nan ne mazauninsa. Alhali zaman aro ne. Bugu guda ya isa."

"To ni mi ne laifina?"

"Bakinki. Wa ya ce ki riƙa ba shi umarni?"

Ya ci gaba da ba ta labari, don in ya fara ba ya tsayawa. Ya ce ƙananan abubuwa ma, irin ƙwayar zarra da ido ba ya gani, haka suke yi a ɗakunan bincike: su daɗe a wani hali da ba nasu na ƙarshe ba, sai abin da ke kewaye da su ya taɓa su su faɗa. Ya ce akwai masana da ba su da aiki sai lissafin abin da zai faru in ana mai da abu mafari a lokacin da ba wanda ya sani. Har sun gano cewa wani zubin komawa mafari kan rage tsawon hanya, in abu ya maƙale.

"Wato ɗauke wuta suke karantawa," in ji Amatu. "Su zo nan su zauna mako guda, in ba su takarda."

"Ki ji shawara dai. Kowace leda ki bubbuge ta tun a ciki kafin ki miƙa. Ki je ki rantse gaban Sarkin kasuwa, ki ce abin ya daina. Magana ta mutu."

"In rantse a kan ruwan leda? In ɓoye kamar na yi sata? Wallahi ko shagon zai tahi, ba ni yi."

Washegari ta je da ƙafarta wurin Ɗanmaliki, ta sa aka kira Dela. Ta ce ga sharaɗinta. Dela ta sayo ruwan leda a inda ta ga dama, ta zuba da hannunta a firiza, ta sa kwaɗonta, ta riƙe makulli. Amatu ba za ta taɓa ba, ba za ta ce uffan ba.

"In ruwan ya yi abin a hannunki fa?" ta tambayi Dela.

"Ba shi yi. Ni hannuna tsarkakakke ne."

Dela ba ta yarda da ruwan gari ba ma. Sai da ta aika aka kawo mata leda ashirin daga Dole Kaina. Ta jera su, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zane.

Ranar farko, awa guda da kullewa aka ɗauke wuta. Da aka buɗe, ruwa ko sanyin kirki bai yi ba. Dela ta ce, "Aljanun sun tahi cin kasuwa?" Mata suka kwashe da dariya. Amatu ta cije leɓe.

Rana ta biyu wuta ta zauna daram tun safe. Amatu ta aika a kira Dela da hantsi, Dela ta ce tana ciniki. Ba ta zo ba sai bayan la'asar. Aka buɗe, leda ashirin duk sun zama dutse, kamar na kowace firiza a duniya. Ɗanmaliki ya girgiza kai.

"Amatu, kin gani. Ruwan da ba ki taɓa ba, lafiya lau ya daskare."

"Ranka shi daɗe, an makara ne. A ba ni sau ɗaya kuma."

"Sabon ruwa ba ni sayowa," in ji Dela. "Kuma ba mai hiddo waɗanga." Ta mai da kwaɗo ta datse.

Nan fa Amatu ta ga ta kanta. Ruwan ya riga ya daskare, makulli na hannun Dela, saura kwana huɗu wata ya ƙare. Mutawakkil ya sake zuwa yana lallashi, ta ce ya tafi ya ji da ɗalibansa. Ta zauna a ƙofar shago ba ciniki, duk wanda ya wuce ta gaishe shi da ƙarfi, don kada a ce kunya ta kama ta.

Da magariba aka ɗauke wuta. Aka kwana babu, aka wuni babu, aka sake kwana. Zafin bazara kuwa ba ya wasa da langa-langa. Amatu, wadda shekara biyar ba ta taɓa yi wa ɗauke wuta fatan alheri ba, ta riƙa sa tafin hannu a jikin firiza tana jin sanyin na fita. A rana ta biyu da ɗaukewar wutar, da ta kara kunne ta ɗan jijjiga ta, sai ta ji ruwa na motsi a ciki. Komai ya narke, ba tare da kowa ya taɓa kwaɗo ba.

Da hantsin rana ta uku fitilar shago ta kawo. Ta dubi agogon waya, ta hana kowa jingina da firizar. Awa uku na cika ta ɗaura gyale a ƙugu ta nufi layin masu kifi. Wannan karon ba aike. Ta tsaya a kan tiren Dela.

"Tashi."

"Ina ciniki."

"Ni ma da ina yi. Tashi, ko in tsaya nan in yi ta kiran sunanki har kasuwa ta watse."

Dela ta tashi. Mata suka biyo baya, aka kira Ɗanmaliki. Amatu ta tsaya can waje, hannuwa a baya, baki a rufe. Dela ta buɗe kwaɗo ta ɗaga murfi. Ta taɓa leda ta farko, dutse. Ta biyu, dutse. Ta yi ta ɗagawa tana nuna wa jama'a, har ta kai can lungu, ta ɗauko wata tana lanƙwasa a hannunta, ruwa tsararo.

"Wagga ko sanyi ba ta..."

Ta dangwarar da ita a kan murfi. Fari ya taso daga kusurwa ya ratsa ledar, ta sandare a ƙarƙashin yatsunta. Dela ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

Ɗanmaliki ya sa hannu da kansa ya lalubo wata, ya ɗalle ta, ita ma ta daskare. Ya jujjuya ta, ya dubi Dela.

"To, ko dai mu uku ne mayun, ko babu ko ɗaya. Amatu, shago naki ne."

Dela ba ta ba da haƙuri ba, Amatu ma ba ta nema ba. Mata uku daga cikin masu kifi har yau ba sa sayen ƙanƙararta, sun ce su dai abin bai kwanta musu ba. Sauran kuwa tun washegari suka dawo da robobinsu, don rana ba ta jira, kifi kuma ba ya jure ta. Dela ta zo daga baya, ta kutsa gaba kamar yadda ta saba, ta miƙa roba ba tare da ta ɗaga ido ba.

"Zuba min, kifina na rana."

Amatu ta karɓi robar da ke bayanta.

"Dela, bi layi."