Mitri Gantus, Mai Zaɓen Giyar Ajiya na Zahle

Haihuwa da asali

An haifi Mitri Gantus a shekarar 1934, cikin watan Satumba, ana tsakiyar yankan inabi, a unguwar Rasiyya ta garinmu Zahle, a ƙasar Labanan. Mahaifinsa, Iskandar Gantus, mai alfadarai ne da ke jigilar inabi daga gonakin kan tudu zuwa gidajen matsa, mahaifiyarsa kuwa, Zumurrud, mace ce da aka shaida da kaifin hanci, wadda tun daga bakin ƙofa takan gaya wa maƙwabciya cewa miyarta ta kama. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ya gaji hancin uwar.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatu a makarantar cocin unguwarsu har shekarar 1948, inda malamansa suka yi ittifaƙi cewa yaro ne mai ladabi, amma littafi bai karɓe shi ba. A wannan shekara mahaifinsa ya damƙa shi a hannun Hawaja Salim Dahir, wani dattijo mai fataucin giyar inabi, mutum mai saurin fushi da ƙarancin yabo. Shekara uku Mitri ya yi yana wankin kwalabe kafin maigidansa ya yarda ya kai kofi bakinsa.

A wurin Hawaja Salim ya koyi ilimin da ya rayu da shi. Duk bazara, idan sabuwar jar giya ta kwanta a ganguna, sukan zagaya ƙauyukan kwarin Biƙa suna ɗanɗanawa, a kurɓa, a juya a baki, a tofar. A wannan lokaci ba taba, ba gahawa, ba tafarnuwa, sai busasshen burodi tsakanin ganga da ganga. An rawaito cewa ranar farko Mitri ya nuna wata ganga mai laushi da zaƙi ya ce ita ce gwana. Dattijon ya ja masa kunne ya ce, "Kai, ɗan mai alfadari! Wadda ta yi maka dariya yau, yau za ka sayar da ita. Ta ajiya ita ce wadda ta ɗaure maka fuska." Daga nan ya fahimci cewa giyar da za ta daɗe sai tana da bauri mai kama harshe, da tsami mai tsafta, da kuma ƙamshin ɗan itace a ɓoye ƙarƙashinsu, kuma idan ɗaya ya ɓace sauran biyun aikin banza ne. Ya kuma koyi barin kofi a buɗe ya kwana: wadda ta wayi gari ta fi jiya daɗi, ita ake saya.

Kafa shago da kogo

Bayan rasuwar maigidansa a 1958, Mitri ya kama ƙaramin shago a gindin tudu, wanda bayansa ke da wani tsohon kogo da aka sassaƙa cikin dutse, mai sanyi rani da hunturu. Bai taɓa mallakar kurangar inabi ko ɗaya ba, bai kuma taɓa matsa giya da hannunsa ba. Aikinsa zaɓe ne kawai, kuma a kan zaɓen nan ne sunansa ya kai Bairut.

Shi ya raya wata al'ada a tsakanin abokan cinikinsa, wadda muka riƙa kira akwatin baftisma. Idan aka haifi jariri, uban ya zo, Mitri ya zaɓa masa giyar shekarar haihuwar, kwalba goma sha biyu, a ajiye a kogo da sunan yaron, ba za a fito da ita ba sai ranar aurensa. Lokaci-lokaci yakan buɗe guda don ya ji inda ta kai. Mu mutanen Zahle, kowa ya sani, ba mu da aikin da ya fi gardama, kuma kowannenmu gani yake shi ne masanin abin sha, amma idan Mitri ya ce a saya, sai a saya a yi shiru. Masu gonaki kuwa tsoronsa suke ji, don ba ya duban fuska. Ya taɓa ƙin giyar surukinsa shekara biyu a jere, har suka daina gaisawa a coci.

Aure da iyali

A shekarar 1961 ya auri Afifa Kuzma, 'yar wani mai gonar inabi, mace mai hannun girki da kaifin baki, wadda ita kaɗai ce a garin take gaya masa magana ta zauna lafiya. Allah ya ba su Iskandar a 1962, wanda da sunansa aka riƙa kiransa Abu Iskandar, sai Rafiƙ a 1965. Bayan shekara bakwai, an riga an fid da rai, aka haifi Nuhad a 1972. Duk wanda ya san gidan ya san wannan yarinya ita ce ransa. A kafaɗarsa ta girma, kuma ita kaɗai aka bari tana wasa a cikin kogo.

Da bazarar 1973 ya fita neman giyar akwatinta, ya wuce manyan gidajen da aka sani, ya tsaya a gonar wata tsohuwa mai suna Marta, a wani ƙauye can yammacin Biƙa, wadda giyarta ta wannan shekara ba wanda ya taya. Baƙa ce wuluk, baurinta kamar an tauna ɓawon rumman. Ya saye gangunan duka, ya ware wa Nuhad nata, ya raba sauran ga waɗanda suka amince da shi. Afifa ta ɗanɗana ta tofar ta ce, "Abu Iskandar, wannan ai jima ake yi da ita, ba sha ba." Ya ce, "Ki bari ta yi barci."

Shekarun yaƙi

A 1981, cikin yaƙin basasa, lokacin da aka yi wa gari ƙawanya ana ruwan wuta, iyalan unguwa suka fake a kogonsa watanni. Ya buɗe musu duk abin da yake mallakarsa, aka sha, aka dafa, aka wanke rauni da shi, bai karɓi lira ɗaya ba. Amma akwatunan baftisma na 'ya'yan mutane ya jera katifarsa a gabansu, ya ce amana ce. Da aka fito ba a rasa kwalba ko guda ba, har da ta iyalan da suka gudu suka manta da ita. Wannan kaɗai ya isa a rubuta tarihinsa.

Auren Nuhad

A watan Agusta na 1993 aka ɗaura auren Nuhad da Nazih, ɗan wasu mutanen garinmu mazauna Sao Paulo ta ƙasar Barazil. A nan ne abin da ba mu son tunawa ya faru. Da safiyar biki Mitri ya sauka kogo, ya buɗe kwalba guda daga akwatin amarya, ya kurɓa, ya daɗe a tsaye, sannan ya ja ƙofa ya kulle. Ya aika aka kai wa mahalarta wata giya, mai tsada, mai kyau, wadda ba ta Nuhad ba.

Amarya ta sauko da farar rigarta har bakin kogo. Waɗanda suka ji sun ce cewa ta yi, "Baba, ina tawa?"

Ya ce, "Ba ta nuna ba, 'yata. Idan na buɗe ta yau na kashe ta. Ki ba ta shekara goma."

"Ko ruwan tsami ce ka buɗe. 'Yar mai gyaran takalmi ta sha tata daga hannunka, ni ce ba zan sha ba?"

"Ba zan sa sunana a kan abin da bai kai ba."

Ta dube shi ta ce, "To, idan ta isa aure sai ka yi mata biki."

A wurin walima uban ango ya ɗaga kofi ya tambaya da ƙarfi ko giyar amarya ma sai an biya mata sadaki, aka yi dariya, amarya ba ta yi ba. Bayan mako biyu ta bi mijinta Barazil. Afifa ta yi wata guda ba ta yi wa mijinta magana ba, da ta buɗe baki kuwa cewa ta yi, "Ka san lokacin kowace kwalba a garin nan, ka kasa sanin na 'yarka." A kan giyar dai yana da gaskiya, wannan ba musu. Amma wallahi ya yi kuskure, kuma mu da muke ƙaunarsa mun gaya masa.

Nunar giyar Marta

A 2003 giyar ta farka, daidai da yadda ya faɗa. Baurin ya narke, ta yi laushi da zurfi, ƙamshinta ya cika ɗaki. Waɗanda suka saya tare da shi, waɗanda suka shekara talatin suna yi masa ba'a, suka riƙa zuwa shago suna sumbatar kansa. Masu manyan gidajen abinci suka zo daga Bairut neman ragowar akwatin Nuhad da kowane farashi, ya ba su gahawa ya sallame su.

A 2004 Nuhad ta zo ganin gida da 'ya'yanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta sumbaci hannunsa, aka zauna cin kibba, kirɓaɓɓen nama da alkama. Sai ya tashi ya ɗauko kwalba guda, ya share ƙurarta da hannun rigarsa, ya ajiye a gabanta tare da mabuɗi, ya ce, "Ta nuna." Nuhad ta kifa kofinta a kan tebur ta ce, "An tashi daga bikin, Baba." Ya mayar da kwalbar inda ya ɗauko ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: taurin kan nan nasa ne ta ɗauko, bai kuwa rage mata komai ba.

Daga wannan rana bai sake buɗe ko ɗaya daga akwatinta ba. Masu wannan sana'a sun san giya tana da tashe, idan ta kai ƙololuwa takan tsaya 'yan shekaru sannan ta gangara, kuma babu abin kunya a wurinsu kamar barin ta ta mutu a hannunka. Mitri da kansa yakan bi mutane har gida ya ce su sha tasu bana, kada ta kai baɗi. Iskandar, wanda ya karɓi shagon a 2006, ya sha yi masa magana. Yakan ce, "Baba, giyar nan fa tana mutuwa. Mu sha, ko mu sayar." Amsarsa ɗaya ce: "Na sani. Ba tawa ba ce."

Ƙarshen rayuwa

Ya ci gaba da fita zaɓe duk bazara har ƙafa ta gaza, ana riƙe shi zuwa bakin ganga. Tsararrakinsa sukan tsokane shi, "Abu Iskandar, wa za ka sha wannan da shi, mala'iku?" Yakan ce wanda ya dasa zaitun ɗin da suke ci ma bai jira su ba. Fitarsa ta ƙarshe ita ce ta bazarar 2018, inda ya zaɓi akwati ga Zumurrud, jikar Nuhad ta fari, wadda aka haifa a Sao Paulo, bai taɓa ganin ta ba sai a hoto.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa a watan Nuwamba na 2018, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara tamanin da huɗu. An yi masa addu'a a cocin unguwarsu, aka binne shi kusa da iyayensa, a gaban jama'ar da rabinta a hannunsa ta sha giyar aurenta. Nuhad ta iso ana gobe jana'iza.

Da aka dawo aka zauna abincin rahama, wanda ake ci bayan binne mamaci, sai ta karɓi mabuɗin kogo daga hannun mahaifiyarta, ta sauka ita kaɗai, ta fito da akwatin a rungume. Iskandar ya buɗe ta farko. Launin ya koma kamar na shayi marar ƙarfi, ƙamshin ya tafi, a baki kuwa lami. Ya yi ƙoƙarin janye kwalbar, ta riƙe hannunsa.

Ta ce, "Yaya, ya san ta wuce?"

Ya ce, "Mutumin da ke gane giya ta cikin kwalba? Ya san shekarar da ta fara gangarawa."

Ta yi kuka irin wanda ba ta yi a maƙabarta ba, sannan ta ce a zuba wa kowa. Muka sha har ƙasan kofi, mu mutanen Zahle masu gardama, ba wanda ya tofar, ba wanda ya ce uffan.

Ya rasu ya bar matarsa Afifa, da 'ya'ya uku: Iskandar, mai riƙe da shago da kogo, Rafiƙ, likitan haƙori a Bairut, da Nuhad, a Sao Paulo, da jikoki tara, da tattaɓa-kunne guda, wato Zumurrud. Akwatinta na nan a inda na kakarta ya zauna, kuma wasiyya ɗaya ya bar wa Iskandar a kansa, da bakinsa, a gaban Afifa: ranar bikin yarinyar a buɗe, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Allah ya ji ƙansa.