Garwashin Inna

Shekarar da yayana ya samu aiki a Katsina, abin da ya fara yi shi ne gina wa Inna kicin a gidanmu na Kusada. Ya ce wahalar hayaƙi ta isa haka, kullum idanunta jawur. Daga Kankiya aka kawo tayil ruwan madara, da murhun gas, da kabad masu ƙyalli. Aka fitar da taga babba, aka rataye ludayi da mara a jere kamar a kanti. Ni ƙofar kabad ɗin na fi so, ko bugo ta aka yi sai ta rufu a hankali, ba ƙara.

Da farko maƙwabta sun yi ta zuwa gani. Su tuɓe takalmi, su leƙa, su sa albarka, su juya. Ba wadda ta zauna, ba ma wurin zaman, komai a tsaye ake yi. Daga nan ƙafa ta ɗauke.

In na dawo daga makaranta sai in tarar da Inna ita kaɗai tana tuƙa tuwo, ba abin da kake ji sai muciya. Abinci yana nuna da wuri, amma ta daina dariya. Har ta fara tambayata ko na ji an ce ta ɓata wa wata rai a unguwa.

Ni ba mai magana ba ce. Amma ran da aka aike ni wurin Goggo, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu, na daure na ce Inna na cigiyarta.

"To mi zan je yi, ɗiyata?" in ji ta. "Da wuta nike zuwa ɗiba. Yanzu in ɗebo mi, iska? Ai ba a faɗa wa gidan mutane haka siddan, a ce gulma ta kawo ka."

A unguwarmu mace ba ta fita don hira kawai, sai da dalili. Ashe garwashin Inna ne dalilin kowa, don ita ke riga kowa hura wuta.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce in nemo mata tsohon kaskon wuta. Washegari da la'asar ta hura gawayi a bakin ƙofar kicin, ta shimfiɗa tabarma bisa tayil, ta jawo kujeru 'yan tsuguno. Sannan ta kira Yaya a waya tana ta kame-kame, kada ya ga kamar ta raina aikinsa.

"Haba Inna, kicin ai naki ne," ya ce. "In sa a yo maki benci?"

Goggo ce ta fara yin sallama, da murfin kwano a hannu.

"Hajiyar gas, ashe kin dawo cikinmu talakawa?"

"Zauna dai, sarkin tsokana, ki taya ni tsintar wake."

Garwashin da Goggo ta ɗiba a murfin ya zama toka ba ta tashi ba. Da aka kira magariba sai da na sake zuba mata wani.