Abin da Ya Tsiro a Faranti

Fartanya ce ta sari Yayana a tafin ƙafa, lokacin maimai, a gonarsa ta wajen Beli. Ya yi abin da kowa yake yi a wajenmu. Ya aika aka sayo kafso ja-da-yalo wurin mai tebur, ya ɓare ɗaya ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya haɗiyi ɗaya, ya ɗaure da tsumma ya koma noma. Kafson nan shi muke jiƙa wa kaji idan sun fara gyangyaɗi, shi muke sha idan ciki ya murɗa. Da an ji sauƙi sai a ajiye sauran a kan taga.

Har aka yanke gero ciwon bai rufe ba. Matarsa ta riƙa kunna turaren wuta a ɗakin saboda masu zuwa dubiya. Da muka kai shi asibiti a Kano, aka ce yana da ciwon suga bai sani ba. Wata ma'aikaciya ta dangwali mugunya da auduga, ta ce za a shuka a faranti a ga abin da zai tsiro, sannan a gwada maganin da zai ci shi. In an samu, ƙafa ta tsira. In kuwa ba a samu ba, sai likita ya ɗora hannu a ƙasan gwiwa, ya nuna inda za a yanke.

Na bar matarsa tana jinya, na dawo gida saboda dawa tana gona. A shekarar nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Malaminmu kimiyya yake koyarwa a sakandare da safe. Ran nan da muka gama haɗa baƙi na ce, "Allah gafarta Malam, me ake shukawa a faranti daga ƙafar mutum?"

Ya goge allo, ya zana wani abu dogo mai zagayayyen kai da gindi.

Wani dattijon mahauci da muke benci ɗaya ya ce, "Malam, ai kafson ka zana!"

"Baba, ka bari in gama, ba kilishi ba ne da za a ɗanɗana tun a rana."

Aka yi dariya. Ni ma na ɗan dara.

Ya ce sunanta bakteriya, ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ya ja layi mai kauri a kewaye, ya ce katangarta ke nan. Daga ciki akwai wata fata siririya, ita take tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Cikin kuwa ba ɗaki ko ɗaya, tsakar gida ce kawai cike da ruwa mai kauri. A tsakiya ya cukurkuɗa alli, ya ce zare ne da yake ɗauke da bayanin yadda za a gina ta. Ya ɗiɗɗiga ɗigo ko'ina, ya ce waɗannan su ne maƙeranta, masu ƙera mata kayan aiki. In ta ƙoshi sai ta tsaga kanta biyu, biyun ma su tsage.

"Ja-da-yalo maƙeran nan yake tsayarwa," in ji shi. "Amma wasu ƙwayoyin suna da famfo a jikin fatar, suna kwarfe maganin waje. In an sha kaɗan an bari, raunanan su mutu, masu famfo su gaje gidan." Ya zana ɗan zobe a gefen zaren, ya ce dabarar famfon a nan take, kuma ɗaya tana iya miƙa wa maƙwabciyarta.

Mahaucin ya ce, "Ashe sun fi mu zumunci."

Na kwafi zanen. Tawa katangar ta karkace.

Ina cikin yankan dawa matar Yaya ta kira. Ta ce abin ya tsiro, an jera masa magunguna, yawancinsu bai ko kula su ba, wanda ya ci shi kuma ya zo a makare, ƙashi ya riga ya kamu. Na ce to. Na ƙarasa kunyar da nake kai, sannan na wanke hannu na nemi mota.

Bayan an yi aikin yankewa aka miƙo mini ƙafar a naɗe cikin leda da kwali. Ta fi yadda na zata nauyi. Limaminmu ya ce ba a yi mata salla, a sa ta a farin ƙyalle a binne. Na haƙa a gefen maƙabarta, wajen katanga, na rufe, na daddanna ƙasar da bayan shebur.

Washegari na koma asibiti. Yaya yana kwance, zane ya lafe a inda babu komai. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi dawa.

"Ka haƙa da zurfi?"

"Na haƙa, Yaya."

"Saboda karnuka."

"Na sa ƙaya a kai."

Ya ce madalla, ya ce in ɗan ɗaga masa filo.