Matar da ta ƙi rubuta atuni

Kafin rana ta haura duwatsun Kagoro, Mama Scholastica ta riga ta goge teburinta a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti a Kafanchan. Sai ta zauna jiran abin da kowa ke kawowa a ɓoye, wato bayan gida. Wani ya ƙunso nasa a akwatin ashana, wata a kwalbar man shafawa, wani tsoho ma ya taɓa kawowa a ganyen ayaba, ɗaure da zare kamar tsaraba. Takan lakato kaɗan da tsinke, ta shafa a gilashi, ta kifa ido a madubin likita. Shekara talatin da ɗaya ta yi a haka. Ta taɓa barina na leƙa, na ga waɗansu halittu suna iyo a ɗigon ruwa, ba su ma san da mu ba. Kwana uku ina tunaninsu.

Wata damina aka kawo mata Boaz, manomin citta daga wani ƙauye kusa da Kwoi. Wata bakwai yana zawo da jini da majina, har wandonsa sai da igiya yake tsayawa. An gwada shi a wurare uku, ko'ina atuni aka rubuta, ya sha magani har abinci ya daina yi masa daɗi. Mama ta duba kwana uku a jere. Jini ta gani, amma babu tsutsa, babu ƙwayar atuni. Abokin aikinta ya ce ta rubuta atunin kawai, ai mutanen ƙauye ba sa son komawa da farar takarda. Ta ƙi. Ta rubuta cewa ba ta ga ƙwayar cuta ba.

Wannan gaskiyar ce ta jawo wa wata baiwar Allah masifa. Da aka karanta takardar a tsakar gida, Azariya, kawun Boaz, ya ce tunda madubin Bature bai gani ba, to hannun mutum ne. Ido ya koma kan Zipora, matar marigayi yayan Boaz, wadda ke kai masa kunu gona. Aka ba ta mako guda ta kwashe kayanta, ta bar 'ya'yanta uku a gidan.

Labari ya iso wa Mama ta bakin matan zumunta a coci. Ranar Asabar ta hau acaɓa cikin taɓo har ƙauyen. Bayan gaisuwa ta ce tana jin ƙishi, Zipora ta kawo mata kunu a ƙwaryar da Boaz ke sha. Ta shanye a tsaye, kowa na kallo. Sannan ta durƙusa gaban dattijo Azariya.

"Baba, ni na rubuta takardar nan. Madubina kashi yake gani, ba ya ganin cikin hanji. Ku ba ni Boaz in kai shi Jos."

A Jos aka zura wa Boaz siririn bututu mai kyamara ta dubura. Sai ga bangon babban hanjinsa jajir, gyambo kan gyambo, kamar gonar da aladu suka tone. Aka tsinko ɗan nama aka gwada, nan ma babu ƙwaya. Likita ya ce sun san ciwon, akwai maganin da ke kwantar da shi, amma yakan yi barci ya farka, kuma har yau babu wanda ya san tushensa.

Mama ta koma da hotunan. Azariya ya daɗe yana juya su, sannan ya tambayi abin da ya kawo gyambon.

"Ba a sani ba, Baba."

Ya waiwayi dangi ya ce, "To, kun ji dai."

"Abin da ba a sani ba, a bar wa Ubangiji," in ji ta. "Kada a rataya shi a wuyan gwauruwa."

Ba su gamsu ba, amma mako ya wuce babu wanda ya sake zancen Zipora ta kwashe kaya.

Mama Scholastica, ke ce mai duba abin da kowa ke kau da kai daga gare shi. Ke ce kika ɗauki nauyin takardarki har ƙofar gidan da ta kusa rusawa. Watan jiya kika ajiye aiki, idon hagu ya dushe, babu wanda ya buga miki ganga. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku da kuka gaji kujerarta, in ba ku gani ba, ku rubuta ba ku gani ba, sannan ku bi takardar ku ga inda ta sauka.

Boaz na nan, yana haɗiyar ƙwayoyinsa, ciwon yakan dawo ya kwantar da shi. Duk lokacin da ya dawo, sai a fara raɗe-raɗe a bakin rijiya. Zipora tana ɗakinta tare da 'ya'yanta. Kullum tana dama kunu, amma ban da su, Boaz kaɗai ke sha.