Yatsun Honorine Mengue

Shekara ashirin da uku Honorine Mengue ta yi tana sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata na wani babban asibiti a Yawunde. Nas ce, amma in aka zo sa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu, wannan mai bugawa da ake bi a riƙa ganin hawa da saukar jinin mutum a kowane bugun zuciya, har manyan likitoci kan matsa su ba ta wuri. Yatsu biyu take ɗorawa, ta lumshe ido, ta soka sau ɗaya. 'Yar garin Mbalmayo ce. Mijinta direban motar katako ne, ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ya bar mata 'ya'ya uku.

Ciwon suga ne ya soma yi mata ɓarna. Kan yatsunta ya fara ɗaukewa, in ta taɓa abu sai ta ji kamar ta sa safar hannu biyu. Wata safiya ta soki wata tsohuwa har sau huɗu ba ta samu jijiyar ba, hannun ya kumbura ya yi baƙi.

A cikin kabad akwai wata ƙaramar na'urar sikanin da wasu baƙi suka bari kyauta, tana nan cikin ledarta tun shekarar da ta gabata. Honorine ta fiddo ta. Da rana, in abokan aiki sun fita cin fanke da wake a bakin ƙofa, ita tana ciki tana shafa wa wuyan hannunta mai, tana ɗora kan na'urar tana kallon allo. Sannu a hankali ta gane jijiyar: ɗan baƙin zagaye mai motsi, in an danna ba ya lotsawa, ta kusa da shi kuwa sai ta rufe. Ta riƙa sayo tsokar nama tana cusa robar ƙarin ruwa a ciki tana gwaji, har ta iya bin bakin allura da ido. Kafin wata uku ta koma suka ɗaya, har ga jarirai da masu ƙiba da waɗanda jininsu ya faɗi ba a jin bugun.

A lokacin ne aka kawo Dokta Firmin Tchouankeu, sabon ƙwararre, mai fara'a, mai gaida kowa. Karatu kam akwai shi, amma riƙon allura bai iya ba. Mama yake ce mata, ita kuma ɗana. Ta tsaya a bayansa mako da makonni tana gyara masa riƙo, tana tsokanarsa cewa allura yake riƙe da ita ko taɓarya. Ran Lahadi bayan coci a gidanta yake cin miyar ganyen ndole da bobolo na rogo, ya ƙara, ya tafi da sauran a kwano.

A irin wannan zama ne ya tambaye ta abin da ya sa mai hannu irin nata ta koma wa na'ura. Ta miƙa masa yatsunta ta faɗa masa abin da ko 'ya'yanta ba su sani ba. Ya riƙe hannun ya ce, "Mama, wannan magana a nan ta tsaya."

Tana da wani littafi mai koren bango da take rubuta kowane majiyyaci: suka nawa, minti nawa, ya kumbura ko bai kumbura ba. Da Firmin ya gani sai ya ce ai wannan bincike ne, su rubuta shi da sunansu su biyu. Ta ba shi littafin. Ya tafi taron likitoci a Dakar, ya dawo ana ta yaba masa, ba a jima ba aka ba shi shugabancin sashen. Sakatariyar sashen ce ta nuna mata takardar binciken da ya gabatar. Sunaye uku ta gani: nasa, na shugaban asibiti, da na wani likita da ko kunna na'urar bai iya ba. Ta duba har layin godiya, babu ita. Ta haɗiye, ta ce wa kanta yaro ne, gaba yake nema.

Sai aka liƙa sanarwa a bango cewa daga yanzu likita kaɗai zai riƙa amfani da na'urar. Kwana tara bayan haka shugabar nas-nas ta kira ta ofis, tana magana tana kallon tebur. An mai da ita ɗakin dafa kayan tiyata, wai an samu rahoto cewa yatsunta ba sa ji.

Honorine ta sami Firmin yana wanke hannu zai shiga aiki. Bai juyo ba, ta madubi ya gan ta.

"Mama, don in kare ki na yi. In wani abu ya faru gobe, ke za a kama."

"Wata goma sha takwas ina aiki da na'urar nan. Hannun mutum nawa na ɓata? Littafin yana wurinka, buɗe ka faɗa mini."

"Ba a nan matsalar take ba."

"To ba ni littafina."

Ya ce littafin ya ɓace wajen sauya ofis. Ta daɗe tana kallon bayan wuyansa, sannan ta ce, "Na gode, Dokta." Ba ta sake ce masa ɗana ba.

Shekara biyu ta yi tana wanke almakashi da jera su cikin tukunyar turiri. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ganin ana turo marasa lafiya ta gaban ƙofarta da hannu a kumbure, don an rasa likita a kusa, nas kuwa an hana shi taɓa na'ura, sai ya yi ta lalube. Ta rubuta wa shugabanni wasiƙa sau biyu, ba a amsa ba. Da lokacin ritaya ya yi ta roƙi kada a yi mata walima, ta kwashe kayanta ta koma Mbalmayo.

Yanzu tana noman rogo a bayan gida, ranar Laraba kuma tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar nas-nas. Ɗalibai na sonta, sun ce dai ba ta yarda a shaƙu da ita.

Bara matar Firmin ta haihu, mace. Ya aiko direbansa da atamfa da wasiƙa: ya sa wa yarinyar suna Honorine, yana roƙon ta zo ta tsaya mata a matsayin uwa ranar baftisma. Ta karanta a tsaye. Ta zuba wa direban abinci, ta jira ya ci ya ƙoshi, ta tambaye shi lafiyar mai jego. Sannan ta mai da atamfar cikin ledarta ta ɗora masa a kujerar gaba.

"Ka gaida jaririyar," ta ce. "Allah ya raya ta. Shi kuma ka ce masa ranar ina da aji."